Ranar da Kawu ya duba agogon hasumiya

Kawuna direba ne, kuma a danginmu ba a yi mai taurin kai irinsa ba. Tun ina yaro yake jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Da tsufa ya zo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Kowa a gida ya sani. Ya taɓa wuce fasinja a Kiyako, mutumin yana ta ɗaga hannu a bakin titi. Wata rana kuma saura ƙiris ya hau kan jaki. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta yi magana har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: idonsa garau yake, mu ne muke so mu zaunar da shi a kan tabarma. Ni kuwa kullum cikin fargaba nake, kada wata rana a kira ni a waya a ce ya take wani.

Ana nan sai labari ya zo tasha cewa an sake gina tsohuwar hasumiyar agogon da ke wani lambun shaƙatawa a Kano, wadda ta tsage aka rushe ta shekarun baya. Kawu ya dage sai ya je ya gani. Ya ce yana saurayi daga bakin titi yake hango ta, ya saita agogon hannunsa, ya kawo lokaci Gwaram, har ladanin unguwarsu yakan tare shi ya tambaya. Wannan agogon hannu ya daɗe da daina ɗaurawa, wai madaurin ne ya tsinke. Na ce zan raka shi. Da na nemi ya bar mini sitiyari, kallo ɗaya ya yi mini na haƙura. Haka muka tafi, yana tuƙi, ina salati a zuci.

Lambun ba hayaniya. Inuwar darbejiya ta ko'ina, mata biyu suna hira a kan benci, mai rake ya jingina da bangon ƙofa yana gyangyaɗi. Hasumiyar tana tsakiya, fentinta sabo fil. Kawu ya zagaya ta sau biyu yana shafa bangon da tafin hannu. Ya ce ta da ɗin ta dutse ce, ko da rana tsaka sanyi gare ta, wannan kuwa bulo ce aka yi wa kwalliya. Duk da kushen, na ga daɗi a fuskarsa.

Sai ya ja ni muka koma can gefen shinge, kusa da titi.

"Daga nan nake duba shi," in ji Kawu. "Ku masu cewa na makance, tsaya ka gani."

Ya kare goshinsa da hannu, ya ɗaga kai. Kafin ya yi magana na ga ya saci kallon ƙasa, inda inuwar hasumiyar ta miƙe baƙa ƙirin a kan ciyawa.

"Ƙarfe huɗu saura kwata."

Na duba wayata. Minti biyu kacal ya kuskure. Na ɗaga kai na dubi agogon: hannayensa suna kan tara da minti goma, ko motsi ba sa yi. Da inuwa Kawu ya karanta lokaci. Na daɗe ina neman hujjar da zan kafa masa, yau ga ta a hannuna, amma tausayi ya sa na mayar da wayar aljihu.

Wani magidanci da ke ba furanni ruwa kusa da mu ne ya tanka, ba da wata manufa ba.

"Baba, ai ba a tayar da shi ba tukuna. Tun da aka kafa shi yana nan a kan tara da 'yan mintoci. An ce masu haɗa injin suna tafe."

"To, madalla," in ji Kawu. "Allah ya kawo su lafiya."

Ya daɗe yana kallon sama. Can ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko wane launi ne hannayen agogon.

"Baƙaƙe ne, Kawu, a kan fari."

"Manya ne?"

"Manya ne."

Ya gyaɗa kai. Muka yi alwala da ruwan mai furanni, muka yi la'asar a kan ciyawa. Ya sayi rake, muka zauna muka sha.

Da muka iso mota ya buɗe ƙofar direba, ya ɗauko tsumma ya goge kujerar da sitiyarin a tsanake. Sannan ya danƙa mini makullin, ya zagaya ɗaya gefen yana dafa jikin motar.

"Giya ta biyu tana da gardama, ka lallaɓa ta," ya ce bayan ya zauna. Da muka fita daga gari sai ya ƙara da cewa, "Kada ka gaya wa uwarka yau. Ka bari ni in gaya mata da bakina."