Inci Tara a Tef ɗin Kawu

Kawu tela ne, shekara talatin yana kan keken ɗinki, wallahi ko mota ba ya son shiga. Sai ga 'yarsa ta haihu a wata ƙasa, ta aiko masa tikitin jirgi, wai awa sha huɗu a sama ba sauka. Rannan ya shimfiɗa taswira a teburin yanka, ya ɗora tef daga filin jirginsu zuwa nata.

Ya ce, "Inci tara. Ko hannun riga bai kai ba."

Matarsa ta ce, "Malam, duk ruwa ne fa a ƙasa."

Ya daɗe yana kallon shuɗin teku a taswirar, sannan ya ce, "To jikan ne zai tsallako da rarrafe? Ɗauko min jaka."