Lambun da Ke Cikin Salular Maigidana

Har yau in wani ya ce mini "ai wasa ne", sai in ji raina ya ɓaci, ko da kuwa a kan ludo yake magana. Ƙawayena sun sha ce mini in bar abin ya wuce. Ni kuwa bai wuce mini ba, shi ya sa zan faɗa yadda aka yi.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin lekol ne, wato makarantar boko. Muna zaune a gidansu na gado a Birni, nan cikin Damagaram, ni ina ɗinki a keken da na zo da shi daga gidanmu, sai aka tura shi aiki wani ƙauye a gefen Damagaram Takaya. Ba ya zuwa gida sai ƙarshen wata ko in an yi bakans, wato hutun makaranta. A can ne wani abokin aikinsa ya nuna masa wata duniya da ake shiga ta salula. Kana shiga sai a ba ka siffar mutum, ka sa mata kayan da kake so, a ba ka fili fetal, ka gina abin da ranka ya ga dama. Mutane daga ko'ina suna shigowa, ana gaisawa, ana hira da murya, kowa yana zuwa ganin abin da maƙwabcinsa ya gina. Sharaɗi guda ne: dole mai fili ya riƙa leƙowa da kansa. In ya yi wajen wata biyu bai shigo ba, sai a share duk abin da ya gina a ba wani filin.

Wasu suna gina benaye, wasu filin tseren motoci. Shi kuwa lambu ya yi. Mahaifinsa yana da lambu a bakin tafkin Gidimuni, a nan suka tashi suna yara kafin su dawo birni, kuma lambun ya daɗe da fita hannunsu. Shi ya zauna ya sake yi, itace bayan itace: dabino, rake, fadamar rogo, jigon ban ruwa, har da bukkar karan da suke fakewa in rana ta take. Ya ce mini dabino guda ya ɗauke shi sati yana gyarawa, don na ainihin a karkace yake, shi kuwa na salula ya ƙi karkacewa. Ruwan tafkin ma ya yi shi, shuɗi, yana motsi. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da ake nufi da pampo ya yi kwanaki bai ɗigo ba, ka zauna kana sauraron mai ga-ruwa. Ni da na fara ganin ruwan nan sai da na yi dariya na ce, "Malam, da ka turo mana jarka biyu."

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma da fari raina abin na yi. Na ce ƙato da gemunsa, yara suna ce masa malam, ya koma ginin ƙasa. Ya sa mini abin a salulata, ya ce in zo in gani kawai. Daga nan ya zama bayan la'asar shi yana hawa wani tudu inda rezon salula ke kamawa, ni ina ajiye ɗinki, mu haɗu a bukkar nan. A nan yake gaya mini abin da ɗalibansa suka yi, ni in kai masa ƙarar masu kawo ɗinki a ƙurarren lokaci. Faɗanmu ma a nan muke yi. Akwai wata maƙwabciyarmu a can ciki, ƴar Tirmini ce da aure ya kai ta nesa, ta gina rumfar sayar da fura a gefen lambun, ko da yake ba furar da za a sha. Takan leƙo ta ce, "Yau ma kun fara?"

Zazzaɓi ne ya kama shi, aka kawo shi likita, bai yi sati ba ya cika. Aka dawo mini da agogonsa da salularsa a cikin leda. Na shiga takaba a ɗakina.

Bayan an watse daga zaman makoki na tuna da sharaɗin nan. Filin da sunansa yake. In na shiga da tawa salular, baƙuwa ce ni, ba a lissafa shigata. Kod ɗinsa, wato lambar sirrin shiga, ban sani ba, ban taɓa tambaya ba, wa yake tambayar mijinsa irin wannan yana tsammanin mutuwa? Amma a tasa salular ƙofar a buɗe take, dannawa kawai za ka yi. Sai na danna. Na ga siffarsa tsaye a bakin ruwa, da hular da ya zaɓa wa kansa, inda ya bar ta. Na yi kuka har na gode Allah. Ƴar Tirmini ta gan shi yana motsi ta yi salati, na ce mata ni ce. Ta sanar da sauran, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini gaisuwa, maza da mata, wasu ma ban san ƙasar da suke ba. Wani dattijo ya yi masa addu'a doguwa da muryarsa, muka shafa.

Ana cikin haka wata rana da hantsi, wan mijina ya yi sallama ya ɗaga labule. Shi ne babba a gidan, yana da shago a kasuwa, duk Yaya muke ce masa. Ya ji muryar namiji tana fitowa daga salula, ya ga dabinai a fuskarta.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Yaya, lambun marigayi ne, wanda ya gina."

Ya karɓa ya juya ta. "Wasa kike yi? Ƙanina ko wata bai yi a ƙasa ba, kina takaba, kina wasan yara?"

Na ce, "Ba wasa ba ne. Gaisuwa ake yi mini."

"Gaisuwa a cikin ƴar tsana?"

Na danne zuciyata na ce masa wasa ai akwai ci akwai faɗuwa. In ana dara, wani zai cinye wani a tashi. To ni a nan wa na ci, wa ya ci ni? Na ce lallai akwai masu tsere a ciki, akwai masu guje-guje, amma a bakin shagonsa ma kullum ana buga dara, ban taɓa jin ya ce kasuwa wasa ce ba. Wuri ne, na ce, mutane ke zuwa.

Ashe da bakina na ba shi sanda. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Au, wuri ne? To kin ga kin fita ke nan. Mai takaba tana yawo inda maza suke, suna jin muryarta."

Na ce, "Yaya, a kan tabarmata nake. Maza nawa suka zo ƙofar ɗakin nan suka yi mini gaisuwa na amsa, kai ne ma ka riƙa rako su."

Ya ce shi bai zo musu ba. Salula ma ai kayan gado ce, ba a raba ba, a wurinsa ya kamata ta zauna, kamar agogon da ya riga ya karɓa ya adana. Ya zura ta a aljihun babbar riga ya fita.

Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai har yanzu. Da ya tsaya a kan magana ɗaya, da da sauƙi. In wasa ne, mene ne na tsoron muryar maza a cikinsa? In kuwa wuri ne na gaske har yana iya ɓata takaba, to lambun da ke ciki ma na gaske ne, aikin hannun ƙaninsa ne, ya kamata ya tsare shi yadda ya tsare agogon. Shi kuwa sai ya ɗauki duk wadda ta yi masa daɗi. In ina roƙo, wasa ne, bai kai a tsaya a kansa ba. In yana hukunci, fita ce.

Na kuwa roƙe shi, ni da ban iya roƙo ba. Na aika aka kira shi, na durƙusa na yi masa bayanin sharaɗin nan dalla-dalla. Na ce na yarda kada ya ba ni. Shi da kansa ya sa ta a sharji, ya buɗe, ya danna sau ɗaya, ya kashe. Ko numfashi uku ba zai yi ba an gama. Ya ce shi rabonsa da wasa tun yana ɗan langa, ba zai koma da furfura ba. Na ce to ya ba matarsa ta danna. Ya ce ba zai koya wa iyalinsa abin da ya raba ni da hankalina ba. Ya ce, "Ki yi ta istigfari, shi ne zai amfane shi." Sai ka ce ni ban san hanyar tabarmar salla ba.

Na kai kukana wurin Hajiya, uwar mijina. Tsohuwa ce mai sanyi, ba ta son hayaniya, tun rasuwar ma ba ta cika magana ba. Na ce mata lambun babansu ne na Gidimuni ya sake yi, da dabinon da jigon, in aka ƙyale za a share. Ta dube ni ta ce, "Ki yi haƙuri, ƴar nan. Yayanku ne." Ban ga laifinta sosai ba, ɗa guda ya rage mata. Amma haƙurin nan na ranar, da za a tambaye ni, da ban ba da shi ba.

Da tawa salular na ci gaba da leƙawa a ɓoye, baƙuwa a lambun mijina. In zauna a bukka, in fito. Ƴar Tirmini ta rubuta wa masu wurin ta yi bayani, amsar da ta samu ita ce sai mai filin ya shigo. Wata la'asar na shiga na tarar da ƙasa fetal, ba ruwa, ba itace. Bayan ƴan kwanaki wani ya zo ya kafa gidan rawa mai fitilu. Ban gaya wa kowa ba a gidan. Wa zan gaya wa?

Ranar da na fita takaba aka yi sadakar waina, na yi wanka na sa sababbin kaya, mata suka cika tsakar gida. Yaya ya shigo da fara'arsa. Ya ce an zauna an duba kayan marigayi, salula ta faɗo a rabona. Har sharji ya sa mata, ya goge ta tas. Ya miƙo mini a gaban mutane ya ce, "To, ga ta. Yanzu sai ki yi ta wasanki, ba mai hana ki."

Na sa hannu na karɓa. Hajiya tana zaune a kan tabarma kusa da ni, da carbi a hannunta. Sai ta matso, ta dafa gwiwata, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Ƴar nan, lambun da kika ce ya yi, irin na babansu. Tun ranar nake son in gani, na ga ba dama. Buɗe mini in ga aikin ɗana."

Na dubi Yaya, shi ma ya ji. Na tashi na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi ba, na ɗora masa salular a tafi.

Na ce, "Yaya, kai ka ajiye. Nuna mata."

Na koma ɗaki na bar shi tsaye, tsohuwar tana gyara zama tana jira ya buɗe.