Murfin Kofin Alhaji

Wa ya ƙona Alhaji? Idan na zauna a bakin taga a nan Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, ina kallon bas tana sauke mutane, tambayar da ke zuwa mini ke nan, kuma har yau ban samu amsarta ba. Ni ban yi boko ba, ƴata ce ke rubuta abin da nake faɗa. In kuka ya zo mini, ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Alhaji mijina ne, mutumin Maradi, ɗan kasuwa. Tun yana saurayi ba ya shan shayi sai ya sheƙa shi tsakanin kofi biyu, ya ɗaga hannu sama kamar masu shayin bakin tasha, har ya yi kumfa. Duk daɗewarmu a Faransa bai bar wannan ba. Kofin takarda mai murfi da ɗan rami kuwa, ya tsane shi.

"Ni jariri ne da za a ba ni bibero?" in ji shi, wato kwalbar shan madara.

An yi wa babban ɗanmu haihuwa a Saint-Denis, gefen Paris, ya zo da motarsa ya ɗauke mu zuwa suna. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kuma doguwar hira da shi. Haka na taso, haka na tsufa. A kan babbar hanya muka tsaya wani wurin hutawa, ya sayo wa babansa shayi, da kofi na biyu wanda babu komai ciki, don ya san hali.

"Baba, ka sha a nan kafin mu tashi."

"Ja mu tafi, kada la'asar ta wuce mu a hanya. Na sheƙa shayi a bayan babbar mota tun ba a haife ka ba."

Ina zaune a baya, kofin da babu komai yana hannuna. Da muka hau hanya Alhaji ya cire murfin, ya miƙo hannu baya, na ba shi. Ya fara sheƙawa. Wayar yaron ta yi ƙara, ya ɗan kalle ta, motar da ke gabanmu ta rage gudu, ya taka birki da ƙarfi. Shayin ya zube a cinyar Alhaji, ya gangara har cikin takalmi.

Alhaji yana da ciwon sukari, ƙafafunsa sun daɗe ba sa jin zafi sosai. Ya ce ba komai, ya goge da hankici, ya hana a tsaya. Don kada ya ɓata wa yaron suna, ya riƙa shafa man kaɗe a ɓoye. Sai da muka koma Lyon na ga ƙafar. Na yi salati na zauna a ƙasa.

A asibiti ne maganar kai ƙarar masu shayin ta taso. Yaron ya zo daga Paris, idanunsa sun yi ja, ya ce wani abokinsa ya san avoka, lauya ke nan. Ya ce ruwan ya yi zafi fiye da kima, murfin bai kama ba, kuma babu wanda ya gargaɗe su. Ya ce a wasu ƙasashe mutane suna kai irin wannan ƙara suna ci. Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Za ka kai ƙarar shayi don yana da zafi? Ai da mai sanyi suka ba ni, ni zan fara kai su ƙara. Hajiya, kin ji ɗanki?"

Yaron bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon bandejin da ke ƙafar babansa.

Miki ya ƙi warkewa, zazzaɓi ya shigo, zuciya ta gaza. Likitoci sun ce sukari ne da zuciya. Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, Allah ya jiƙansa. Amma ni na ga ƙafar nan, kuma ina ganinta har yanzu.

Bayan na fita takaba yaron ya zo ya tafi da ni Paris a jirgin ƙasa. Ban tambaye shi inda motarsa take ba. Ofishin avokar yana kusa da Belleville, a saman wani shagon yadi. Muna hawa bene ya tsaya, bai dube ni ba.

"Inna, abu ɗaya za ki ce. Murfin bai kama ba."

Na ci gaba da hawa. Ya ɗauka na amince.

Avokar mace ce mai furfura, ta kawo wata ƴar Damagaram ta yi mana tafinta. Ta yi mini gaisuwar rasuwa, sannan ta tambaye ni yadda murfin ya fita. Na tuna yarinyar da yaron ya ce ita ta zuba shayin, ƴar wasu ce da ke tsaye tun safe tana neman abincinta. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ban kuma ga yadda zan ɗora mata mutuwar mijina ba. Na ce murfin ya kama sarai, Alhaji ne ya cire shi da hannunsa, ni kuma na miƙa masa kofi na biyu. Ban ambaci waya ba, ban ambaci birki ba. Avokar ta rufe takardunta a hankali, ta gaya wa yaron cewa babu ƙara a nan.

Muka sauko titi. Mutane suna ta wucewa da kayan cefane, ana kiran farashin kifi. Ya tsaya gaban bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya juyo, karon farko tun yana yaro da ya kalle ni cikin ido.

"To Inna, in ba su ba ne, ni ne ke nan."

A nan na gane ba arziki yake nema ba. Yana neman wanda zai sauke wa abin da ke kansa. Maganar tana bakina, amma ga jama'a, ga kunyar ɗan fari da ta zame mini jiki. Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki jakata, ya kai ni tashar jirgi, ya zaunar da ni, ya tafi.

Tun ranar yana kirana, amma gaisuwa ce kawai, kafin in gama tambayar yara ya ce aiki na jiransa. Matarsa ta gaya wa ƴata cewa ya sayar da motar, kuma ba ya samun barci. Wani lokaci ina cewa da na faɗi abin da ya roƙe ni, da yanzu yana da wanda zai yi fushi da shi, ba kansa ba. Wani lokaci ina cewa da ban miƙa kofin ba.

Rabin saƙon Alhaji na kai wa avoka. Sauran rabin yana wurina, shi ya sa na sa a rubuta, ƴata ta kai wa yayanta, tunda bakina ya kasa. Ranar da zai rasu, da hantsi, na jiƙa masa leɓe da ruwa, ya kama bakin mayafina ya jawo ni kusa.

"Hajiya, ni na buɗe murfin nan. Ki gaya wa yaron nan ya riƙa barci."