Ayabar Saba a Gidan Yayata

Mun tashi da asuba daga Baltimore, ni da maiɗakina, bayan wayar da mijin yayata ya yi mini daga Greensboro. Ya ce suganta ya ƙi sauka, likita har ya fara maganar allura, ita kuwa ta rantse gara ta tattara ta koma gida da a riƙa soka mata allura kullum. Na san Yaya, in ta faɗa sai ta yi, ga 'ya'yanta uku suna makaranta a nan.

Hanya lafiya lau, sai dai mai da ya doshi dala huɗu galan. A Virginia muka tsaya shan shayi, aka miƙo mana wani ruwan zafi da ko sunan shayi bai cancanta ba. Azahar ta yi mana a Glenwood, unguwar su Yaya mai ƙananan tsofaffin gidaje, ɗalibai na ta wucewa a kekuna.

Ƙamshin suya ne ya tarbe mu tun daga ƙofa. Mai ciwon suga ce tsaye a kan kasko tana kwashe cincin, tana jefa na gefe a baki. Na tambaye ta bikin wa ake yi. Ta ce ba biki, wata maƙwabciyarta ce 'yar Filifin, ma'aikaciyar jinya, take aiko mata da dafaffiyar ayaba kullum tunda ta ji labarin ciwon.

"To ka taɓa ganin an mayar wa mutum kwanonsa haka nan?" in ji Yaya.

Ayabar kuwa a firji na same ta, ta kwana shida, ba a taɓa ko ɗaya ba. Gajeru ne masu kauri da kusurwa, Yaya ta ce kamar waɗanda aka tsine wa. Dariya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo baya.

Da la'asar na je na yi wa matar sallama, na faɗa mata gaskiya. Ba ta ji haushi ba. Ta ɗauke mu zuwa wani shagon 'yan Asiya a High Point Road, inda kifi ke iyo a tanki, ta nuna mana ayabar jibge kusa da rogo. Saba suke kiranta. Ta ce a zaɓi wadda ba ta gama nuna ba, a dafa ta da ɓawonta, ba mai, ba sukari. Tana riƙe ciki, tana da fotasiyam da bitamin, kuma ba ta saurin ɗaga suga kamar tuwon shinkafa. Ta ja mana kunne cewa abinci ce ba magani ba, ɗaya ta isa a zama guda tare da kifi ko ganye, kuma a sanar da likita saboda ƙoda.

Da muka dawo ita ta dafa da hannunta, ta zauna a tabarmar Yaya ta ɓare. Na ci, na ji ta tsakanin dankali da agade. Maiɗakina ta barbaɗa yajin ƙuli, nan fa Yaya ta gyara zama. Matar ta dube ta ta ce, ni ina fassarawa, "Anti, tukuicin da nake so shi ne kwanona ya dawo wayam, in san kin ci."

Yaya ta ce Allah ya saka da alheri.

Washegari muka kamo hanya, muka iso gida da magariba. Na je ne da wa'azi cike da bakina, ashe Allah ya riga ya ajiye wa Yaya mai kula da ita a bayan katanga, kunyarmu ce kawai ta tare hanya. Har yau ina gode wa baiwar Allahn nan.

Bayan sati uku Yaya ta kira. Likita ya ɗaga maganar allura, ita ma ta daina zancen tafiya. Ta ce abu ɗaya ne har yanzu yake mata nauyi, miƙa kwanon nan wayam, don haka mijinta take aikawa.