Sa Hannun Jagora

Haƙora huɗu babana ya bayar saboda jam'iyya. Tun kafin a haƙa kanal a ƙasar Kura aka tare shi a hanyar kasuwa, aka yi masa dukan kawo wuƙa don ya ƙi yaga katinsa. Bayan wata biyu sai ga wasiƙa daga jagoran jam'iyyar, bugun tafireta, a ƙasa ga sa hannu da shuɗiyar tawada. Baba bai yi boko ba. Sau ɗaya aka karanta masa ya haddace: jagora ya ji abin da ya same shi, kuma ba zai taɓa mantawa da shi ba.

A adaka yake ajiye ta, mu kuwa ba ma taɓa ta sai mun wanke hannu. Ko da aka zo rabon gonakin rani, aka tura shi can ƙarshen kanal inda ruwa ke isowa a gajiye, bai kai kuka wurin kowa ba. Cewa yake wanda jagora ya sani ba ya roƙo.

Wasiƙar nan ce ta sa mini ciwon tara takardun manya. Da na yi ritaya daga koyarwa sai na riƙa bin ƙauyuka a babur, ina neman tsofaffin 'yan jam'iyya. Wani ma da irin tumatir ƙunshe a cikin tasa takardar ya miƙo mini ita. A Bunkure na fara cin karo da wasiƙa irin ta Baba sak, suna kawai aka canza. Na ce arashi ne. Kafin a gama girbin shinkafa na tara guda tara.

A Garun Mallam aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi magatakarda a ofishin jam'iyyar. Na nuna masa wasiƙun, ya kara ɗaya kusa da ido, ya kece da dariya.

"Kai, Malam! Ai hannuna ne wannan. Duk wanda aka daka, sai a kawo mini sunansa in buga, in sa hannu."

Na ce, "To shi jagora ya san sunayen?"

"Ina fa! Ina ya ga lokaci?"

Wallahi ba don furfurarsa ba da na kwaɗa masa mari. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

A lokacin idon Baba ya tafi. Na same shi da hantsi a zaure, ƙanena na gefensa, wasiƙar tana kan cinyarsa yana shafa ta.

Ya ce, "Ɗan boko, a yawon nan naka ka ga mai irin tawa?"

Na daɗe ina kallon giɓin bakinsa.

"Babu, Baba."

"Ai na gaya maka!"

Nan take ya ce tun yana da rai zai yi kyauta. Gonar ranin ya ba ƙanena. Sannan ya lalubo hannuna, ya ɗora mini wasiƙar, ya rage murya don kada ƙanena ya ji haushi.

"Kai na ba babban rabo. Kai ka san darajarta."

Na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Na kai ta gida na sa a kan 'yan'uwanta, ta zama ta goma.