Sifikun Doña Eulogia da Suka Ƙi Magana

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan bikin Karnabal, ƙanƙara ta sauka a garinmu El Alto tun da hantsi, ƙanana kamar gero, ta yi fari fat a kan rumfunan kasuwa. Ina zaune a inda nake gyaran takalma, na ja bargo na rufe gwiwoyina, ina kallon maƙwabciyata Doña Eulogia Tarqui tana jera sababbin kayanta.

Mun daɗe tare a layin nan. Daga wani ƙauye na bakin tafki ta zo tana budurwa, ta auri direban ƙaramar bas. Da ya rasu, sai ta kama sayar da igiyoyin lantarki: ta caja, ta rediyo, ta abin sauraro na kunne. In igiya ta tsinke takan liƙe ta da dalma, hannunta ba ya rawa. Da wannan ta ciyar da 'ya'yanta har suka yi aure.

Sai zamani ya juya. Sababbin wayoyin hannu suka fara zuwa babu ramin da ake cusa igiyar kunne. Matasa su tsaya, su nemi abin sauraro mai bulutut, wato wanda ke haɗuwa da waya ta iska, su wuce. Wani lokaci ta wuni tana saƙa, ba ta yi ciniki ba. Daga ƙarshe ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da zanen rawarta na biki, ta sayo sifiku marasa igiya, kwali guda. In waɗannan suka ƙi, babu abin da ya rage mata sai komawa ƙauye.

Ranar Talatar bikin, kamar yadda kowa ke yi a nan, ta yi musu ch'alla: ta yayyafa musu giya da furanni don Uwar Ƙasa ta sa albarka. Na ga hannunta ya ɗan yi nauyi a yayyafin.

To, ranar Alhamis ɗin wani direba ya tsaya ya ce a gwada masa ɗaya. Ta kunna, ta ɗauko wayarta, ta taɓa sunan sifikar da ya fito a fuskar wayar, ta sa waƙar garinsu. Shiru. Ta ɗauko wata. Shiru. Direban ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Haka ta yi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana hura su, tana goge su da gefen mayafi.

"Baba Hilarión," ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "na kashe su. Giyar ce ta shiga cikinsu."

"Yi haƙuri, Eulogia, wataƙila sanyi ne. Ni ma yau ban cika magana ba."

Ko murmushi ba ta yi ba.

A ɗaya gefen layin akwai Don Casiano, mai sanƙo, wanda ya riga ta fara sayar da irin waɗannan sifikun. Tun ɗazu yake faɗa shi kaɗai. Ya kunna tasa ya ajiye a kan tebur, sai ta riƙa ɓarkewa da waƙa da kanta, ta tsaya, ta sake.

"Wane ɗan banza ne ke sa min waƙar tsofaffi?" yake cewa. "Kaya sun sha giya sun fara rawa!"

Mu ba mu kula shi ba, don kullum cikin mita yake.

Eulogia ta aika wa ƙanwarta saƙon murya tana kuka. Ba a jima ba amsa ta shigo. Ta danna, ta kara wayar a kunne. Sai muryar ƙanwar ta fito daga teburin Casiano, da ƙarfi, har masu soya kifi suka jiyo:

"Haba Yaya, daina kuka! Je ki tambayi wancan tsohon mai kai kamar dankali, ai shi ma irinsu yake sayarwa."

Casiano ya shafa kansa a hankali.

"Eulogia! Ni ne dankalin?"

Ta dubi wayarta, ta dubi teburinsa. Ashe wurin dillali ɗaya suka yi sari, duk sifikun sunansu ɗaya, kuma tun gwajin farko tasa wayarta ta kama ta riƙe.

"Kashe taka, Kawu," ta ce da Casiano, "don Allah kashe!"

Ya kashe. Ta sake taɓa sunan. Waƙar garinsu ta tashi daga hannunta, tas, har ta kusa yar da sifikar. Ta zauna a kan kwalin, ta rufe fuska da hularta, kafaɗunta na girgiza. Na kasa gane ko dariya take ko kuka. Ta gwada sauran duka, babu wadda ta ƙi.

Casiano ya ce ba zai yafe zancen dankali ba sai an sayo masa kunun masara mai zafi. Ta sayo mana mu uku.

Eulogia tana nan a rumfarta. Yanzu rabin layin kayan bulutut ake sayarwa, ita ma su ne suka fi yawa a teburinta, har da 'yan ƙananan na kunne. In za ta gwada wa mai saye, takan ja shi can ƙarshen layi, kusa da masu sayar da barguna, inda babu wata sifika da aka kunna.