Minti Ashirin na Inna Shiru

Ƙarfe bakwai take buɗe asibitin dabbobin. Ta wanke keji, ta ja labule tsakanin karnuka da kyanwoyi, ta duba batirin na'urar awon hawan jini. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Inna Shiru ake ce mata, domin idan kyanwa na hannunta, ko mai asibitin ne ya ɗaga murya sai ya sha harara.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Da aka ɗauko fayil ɗinta don shirya takardar sallama, sai aka ga matsayinta. Mai shara, haka aka rubuta. Likitoci huɗu sun koyi awo a hannunta, babu wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin.

Kyanwa idan ta tsorata, jikinta kan saki wani sinadari da ke matse jijiyoyi ya zaburar da zuciya, jini ya hau na ɗan lokaci. Wanda ya auna a lokacin, tsoro ya auna. Shi ya sa Inna ba ta awo a kan tebur. Ɗakin ajiya take shiga, ta ɗora kyanwar a cinya, ta zauna minti ashirin. Sannan ta naɗa robar awo a wutsiya, ta auna sau biyar.

Bara wani tsohon tela ya shigo da sassafe, rungume da baƙar kyanwarsa, Kwalli, wadda ta daɗe tana shan maganin ciwon zuciya. Shi kaɗai yake zaune da ita.

"Likita, tun jiya take karo da ƙafar keken ɗinki. Ba ta ganina."

Sabon likita ne, mai kaifin kai da sauri. Ya auna a kan tebur: ɗari biyu da arba'in.

"Tsoro ne, Baba. Duk haka suke. Zan ƙara mata maganin rage ruwa, ka dawo bayan mako biyu."

Inna tana bakin ƙofa. Ta ga baƙin idon kyanwar a buɗe, haske bai rage shi ba. Ta ga wuyan ya sunkuya kamar ba ƙashi.

"Ɗana, ara mini ita."

"Inna, akwai layi."

"Layin yana da kujera. Malam, tuɓe rigarka ta sama."

"A gabanki, Inna? Da girmana?"

"Warinka nake so, ba kai ba."

Ta naɗe Kwalli a rigar ta shige ɗakin ajiya. Da ta fito ta miƙa wa likita 'yar takarda. Awo biyar, ƙaramin cikinsu ɗari biyu da ashirin.

"Har gyangyaɗi ta yi a cinyata. Wannan ba tsoro ba ne."

Likita ya karanta takardar. Aka ɗebi jini. Fotasiyam, sinadarin da ke ba tsoka ƙarfi, ya yi ƙasa ƙwarai, shi ne ya kashe mata wuya. Hoto ya nuna ƙari a 'yar tsokar da ke kan ƙoda, tana ta kwararo sinadarin aldosteron, wanda ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa ya zubar da fotasiyam. Jinin da ya hau ne ya ɓanɓare tantanin bayan idanun. Maganin da likita ya so ƙarawa kuwa, ragowar fotasiyam ɗin zai kwashe.

"Da na kashe ta," in ji shi.

"Ba ka kashe ba. Rubuta maganin gaskiyar, ido ba ya jira," in ji Inna.

Ke ce, Inna, kika ba ta ƙwayar farko da hannunki. Ke ce kika koya wa tela yadda zai buɗe mata baki ba ta yage shi ba. Mai sanyin hannu, ba ki taɓa ba da labarin nan ba. Daga bakin likitan muka ji, kuma bai rage komai ba.

Kwana goma bayan haka tela ya dawo. Don gwada ganin Kwalli, Inna ta saki 'yar auduga, wadda ba ta ƙara idan ta faɗi. Ta hagu, kyanwar ba ta motsa ba. Ta saki ta dama. Kan Kwalli ya bi audugar har ƙasa.

"Ta gan ni ke nan?" in ji tela.

"Auduga ta gani, Malam. Kai sai ka matso dama."

Mun gode, Inna, kuma mun makara da godiyar. Masu shigowa aikin nan, ku koyi zama kafin ku yanke hukunci, ku kuma saurari wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Idon hagu bai dawo ba. Na daman da Kwalli ke kallon ubangidanta da shi yau, ke kika ba ta.